'Yar mahauci da jini ba ya zama a jikinta: nazarin lamarin wata yarinya mai sikila a Garwa

Shekararta huɗu lokacin da aka kawo ta ɗakin gwajin jinin da nake aiki a Garwa, a arewacin Kamaru, cikin watan Janairu, hunturu na kan ganiyarsa. Mahaifinta mahauci ne, daga cikin Hausawan da kakanninsu suka biyo fatauci suka zauna a bakin Binuwai. Matansa biyu. Uwargida tana da 'ya'ya biyar, duka garau. Amarya ta haifi biyu: na farin, namiji, ya rasu bai cika shekara biyu ba, ta biyun kuwa ita ce wannan yarinya. Na sakaya sunayensu da unguwarsu. Na rubuta lamarin ne domin ɗalibanmu na lise, wato babbar sakandare, da na makarantun aikin lafiya, waɗanda ke haddace darasin furotin da amino asid saboda jarrabawa kawai, alhali a wannan gida darasin ne ya raba gardamar da ta kusa kashe aure.

Tarihin ciwon

Uwar ta ce lafiya lau ta haife ta, har wata shida babu abin da ya taɓa ta. A wata na bakwai bayan hannuwanta da na ƙafafunta suka kumbura, yatsun suka yi suntum, da an taɓa ta sai ta tsala ihu. Aka ce haƙori ne. Daga nan zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, idanu suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe. Da gefen cikinta na hagu ya tasa, aka kira wanzami ya yi mata tsaga a wurin, tabon yana nan har yau. Sau biyu jininta yana ƙarewa sai an yi mata ƙari. Da ta fara magana sai ta riƙa nuna inda ke mata ciwo da kanta: ƙwauri, cinya, gadon baya, musamman in gari ya yi sanyi ko an yi mata wanka da sassafe.

Yayanta kuwa zazzaɓi ne ya kama shi da yamma. Kafin asuba ya yi fari fat, cikinsa ya ɗaga, ya cika a hanyar asibiti. Ba a taɓa gwada jininsa ba.

A gida an riga an yanke hukunci. Kakar yaran, mahaifiyar maigidan, ta kafa hujjarta: ga 'ya'yan uwargida nan biyar, uba ɗaya, tukunya ɗaya, in da abin daga ɗanta yake ai da an gani a jikinsu. Hujja ce mai ƙarfi ga wanda bai san yadda gado yake tafiya ba, kuma ban ga laifin tsohuwar da ta kafa ta ba. Amma amarya ta sha wuya a kanta. Dangi suka sa mata mai wabi, habaici safe da yamma, har maganar saki ta fara yawo.

Maigidan shi abin da ya dame shi daban ne. Ya ce mini: "Likita, ni fa mahauci ne. Hanta, ƙoda, romon ƙashi, babu ranar da yarinyar nan ba ta ci. Maganin ƙarin jini kuwa na daina ƙirga kwalabe. To ina jinin yake zuwa?"

Takardu biyu ya zo da su. Ta farko ta gwajin Emmel ce, gwajin sikila wanda aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji na ƙasashenmu masu Faransanci: a ɗiga jini a gilashi, a zuba sinadari mai janye oksijin, a rufe, a duba a madubin likita. In ƙwayoyin sun lanƙwashe sun yi siffar lauje, an ce gwaji ya kama. Nata ya kama. Sai dai wannan gwaji ba ya rarrabe mai ɗauke da gadon kawai da mai ciwon kansa, duka biyun yana kama su. Takarda ta biyu ta elektoroforez ce, gwajin da ke rarrabe su, daga wani ɗakin gwaji, an rubuta AS, wato mai ɗauke da gadon kawai. Wani ya gaya masa AS ba ciwo ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Daga nan gida ya gama yarda cewa abin ba na asibiti ba ne.

Na tambayi uwar yaushe aka yi wa yarinyar ƙarin jini na ƙarshe. Muka lissafa, sai ga shi mako uku kacal kafin a ɗebi jinin da aka yi takarda ta biyu da shi. A nan gizo yake saƙar, amma ba za a gane ba sai an shiga cikin ƙwayar jinin kanta.

Abin da ke cikin jar ƙwayar jini

Jiki ginin ƙwayoyin halitta ne, kuma jar ƙwayar jini tana cikin mafiya sauƙin tsari. Faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne, wato a raba milimita gida dubu a ɗauki bakwai ko takwas. A ɓargo ake ƙera ta, sama da miliyan biyu kowace daƙiƙa a jikin babban mutum. Tana ɗanya tana da cibiya irin ta sauran ƙwayoyi, inda kundin gado, DNA, yake ajiye. Kafin ta fito cikin jini sai ta tofar da cibiyar, ta cika cikinta da furotin iri ɗaya, hemogulobin, wajen miliyan 270 a ƙwaya guda. Aikinsa ɗauko oksijin daga huhu ya kai wa tsoka da ƙwaƙwalwa da ƙashi. Ƙwayar zagayayya ce mai loɓawa a tsakiya, mai laushi ƙwarai, domin dole ta matse ta kutsa cikin siraran hanyoyin jini da suka fi ta ƙanƙanta. A haka take zagaye kwana 120, sannan saifa ta tsince ta.

Furotin kuwa da carbi na kwatanta wa Alhaji, mahaifin yarinyar, shi, don nasa yana hannunsa. Kowane furotin carbi ne, 'ya'yansa su ne amino asid, iri 20. Abin da ya raba furotin ɗin gashi da na tsoka da na jini shi ne wane ɗa ke bin wane, da kuma tsawon jerin. Amino asid ɗin ba halinsu ɗaya ba. Wasu suna ɗauke da cajin lantarki, suna son ruwa. Wasu dangin mai ne, gudun ruwa suke yi. Wannan hali shi ke sa sarƙar ta naɗe kanta ta zama dunƙule mai siffa ta musamman, masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje, kuma da wannan siffa furotin yake aikinsa. Hemogulobin na babban mutum sarƙa huɗu ce a haɗe: alfa biyu masu amino asid 141 kowacce, beta biyu masu 146 kowacce, jimla 574. Kowace sarƙa tana rungume da ƙwayar ƙarfe guda, inda oksijin yake maƙalewa.

Jerin ba da ka ake yin sa ba. A rubuce yake cikin DNA da haruffa huɗu, A, T, G da C, ana karanta su uku-uku, kowane uku yana nufin amino asid ɗaya. Ƙwaya tana kwafe umarnin zuwa RNA, ɗan saƙo mai kama da DNA, ya fita daga cibiya ya je ga ribosom, shi kuma ya jera amino asid ɗaya bayan ɗaya yadda aka rubuta masa. Umarnin sarƙar beta yana kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙullin DNA da ke cikin cibiya. A gurbi na shida, yawancin mutane GAG ne a rubuce, wanda ke nufin gulutamik asid. A wasu kuwa harafin tsakiya ya sauya, ya zama GTG, wanda ke nufin balin. Hemogulobin mai gulutamik asid shi ake kira A, mai balin shi ne S. Gurbi biyu ke nan cikin 574, ɗaya a kowace sarƙar beta. Sauran 572 duk daidai suke.

Rabin amsar tambayar Alhaji tana nan. Naman da yarinya ta ci ba ya shiga jini a matsayin nama. Ciki da hanji suna warware shi zuwa amino asid ɗaiɗai, jiki ya sake jera su bisa umarninsa. Gulutamik asid ɗin ma ba baƙo ba ne a madafinsu, shi ne ke ba magi da daddawa ɗanɗano, kuma jiki yana haɗa nasa da kansa. Ko buhu guda aka ba ta, ribosom ɗinta balin zai sa a gurbi na shida, domin abin da ya karanta ke nan.

Yadda amino asid ɗaya yake kawo wannan azaba

Gulutamik asid yana da caji, mai son ruwa ne, ya dace da zama a bayan dunƙulen. Balin mai gudun ruwa ne, ga shi an ajiye shi a waje, tsamo-tsamo cikin ruwan ƙwaya. Muddin hemogulobin yana riƙe da oksijin babu abin da ke faruwa. Da ya sauke oksijin sai siffarsa ta ɗan juya, wani ɗan rami mai gudun ruwa ya buɗe a jikin sarƙar beta. Balin na maƙwabci ya faɗa ramin, na gaba ya faɗa nasa, haka har su zama dogayen zaruruwa masu tauri, kowanne silili 14 a murɗe. Su ne suke miƙar da ƙwayar daga ciki, ta bar laushinta ta yi siffar lauje. In ta koma huhu ta sami oksijin zaren ya narke ta dawo daidai, amma yau da gobe fatarta tana lalacewa, tana zubar da ruwa da sinadarin fotashiyam, tana yin danƙo, ta riƙa mannewa a bangon jijiya. In suka taru suka toshe hanya, naman da ke gaba ya rasa oksijin. Ciwon ƙwauri da na baya da take kuka da su ɓargo ne yake shaƙewa a cikin ƙashi.

Akwai wani abu a nan da nake son kowane ɗalibi ya riƙe, domin a kansa duk shawarar da muke ba iyaye ta tsaya. Zaren ba nan take yake haɗuwa ba, yana ɗaukar ɗan lokaci. Ita kuma ƙwaya wajen daƙiƙa ɗaya take yi kafin ta ratsa siririyar hanya. Yawancin ƙwayoyi suna tsallakewa kafin zaren ya kama, shi ya sa mai sikila yake wuni lafiya yana wasa. Amma wannan ɗan jinkiri yana gajarta ƙwarai da zarar hemogulobin ya ƙara kauri a cikin ƙwaya, ko da kaɗan ne. Ƙishirwa tana ƙara kaurin. Sanyi yana tsuke jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwaya ta daɗe a hanya. Zazzaɓi yana ƙona oksijin yana busar da jiki. Uwar ta daɗe da lura cewa wankan asuba a hunturu yana tayar da ciwon, dalilin ne ba ta sani ba. Garwa kuwa duka biyun tana da su, sanyin Disamba da Janairu, da zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40.

Ga sauran amsar Alhaji. Ƙwayar da ta sha wannan lanƙwasa kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, maimakon 120. Ɓargo yana ƙera sababbi iya ƙarfinsa amma ba ya cim ma asarar. Hemogulobin da ya zube, jiki yana mayar da wani sashe nasa sinadari mai launin rawaya, bilirubin, shi ne a idanunta, shi aka yi ta kira shawara. Ƙarfen kuwa ba ya zuwa ko'ina, jiki yana tattara shi ya sake amfani da shi. Saboda haka maganin ƙarin jini mai ƙarfe da aka yi ta ɗura mata ba shi take nema ba. Mai sikila ba a ba shi ƙarfe sai gwaji ya nuna ya rasa, ballantana wanda ake yi wa ƙarin jini, domin kowace leda da nata ƙarfen take zuwa, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da rarar, sai ta taru a hanta da zuciya.

Saifa tana cikin gaɓoɓin da suka fi shan wahala, domin jini a hankali yake ratsa ta. A ƙananan yara wani lokaci takan kama jini mai yawa cikin 'yan sa'o'i, ta kumbura, yaro ya yi fari ya faɗi. Labarin daren da yayanta ya rasu irin wannan ne sak. Sannan toshewa bayan toshewa tana kashe saifar tun yaro yana ƙarami, ita kuwa ita ce mai tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, musamman masu kawo ciwon huhu da sanƙarau.

Wata shidan da ta yi lafiya fa? Jariri da wani hemogulobin yake zuwa duniya, F, wanda a maimakon beta yake da sarƙar gama. Gama ba ta da wannan balin, kuma ba ta shiga cikin zaren. Bayan haihuwa jiki yana rage gama yana ƙara beta, zuwa wata shida S ya yi rinjaye. Lokacin ya zo daidai da fitar haƙori, shi ya sa kumburin hannu da ƙafa, alama ta farko a yara da yawa, ake ɗora wa haƙori.

Takardar da ta ce AS

Elektoroforez da caji yake aiki. A fasa ƙwayoyin jini, a ɗiga hemogulobin ɗin a kan wata takarda ta musamman mai jiƙe, a sakar mata lantarki. Hemogulobin yana tafiya wajen ɓangaren da ke jan sa gwargwadon cajinsa. S ya rasa cajin gulutamik asid biyu, don haka A yana wuce shi, kowanne ya tsaya a layinsa. Da irin wannan dabara Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949, a Amurka, cewa hemogulobin na masu sikila daban yake. A 1956 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya gano cewa bambancin a wani ɗan guntun sarƙar yake, shekara ta gaba ya nuna amino asid ɗaya ne. Akwai kuma C, wanda a wannan gurbi na shida laisin yake da shi, mai kishiyar cajin gulutamik asid, shi ya fi S ma nauyin tafiya. An fi samun sa wajen Burkina Faso da arewacin Gana.

Na'ura ba ta san jinin wa aka ba ta ba. Yarinyar da aka yi wa ƙari mako uku da suka wuce tana ɗauke da ƙwayoyin mai ba da jinin, cike da A, kuma za su yi watanni suna zagaye a jikinta. Layin A da aka gani na wani ne. Ko a takardar akwai alama: a mai AS na gaskiya layin A ya fi na S kauri, wajen kashi 60 da 40, nata kuwa S ne ya fi. Tambaya guda ga uwa, yaushe aka ƙara mata jini, da ta hana wannan kuskure. Ƙa'idar ita ce a ɗebi jinin gwaji kafin ƙari, in an makara a jira wata uku ko fiye.

Da yake jiran ya zama dole, likitan da ke duba ta ya ba da shawarar a gwada iyayen. Gwajin uba ba abin da ake yi da garaje ba ne. Sai an zauna da miji da mata an bayyana musu abin da sakamako zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba, domin takardar da aka karanta a karkace tana iya jefa zargi a kan mace. Alhaji ya yi jim, ya ce: "Malam, in dai zai nuna inda jinin 'yata yake zuwa, ɗiba." Uwargida ma da kanta ta ce a haɗa da ita.

Amarya AS. Alhaji AS. Uwargida AA. Bayan wata uku da rabi aka sake gwada yarinyar, layin A ya ɓace, sai S da ɗan F. SS ce. Hemogulobin ɗinta a ranar giram 6 da rabi ne a desilita, alhali na sa'anninta bai kamata ya gaza 11 ba.

Kowa kwafi biyu na umarnin beta yake da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ɗaya kawai yake ba ɗansa. Uwargida A kaɗai take da shi, don haka ko Alhaji ya ba da S, ɗan AS zai zama, ba zai yi ciwon ba. A ɗakinta abin ɓuya ya yi. A ɗakin amarya kuwa, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗuwar S da S, kashi biyu na AS, kashi ɗaya na AA. Alhaji ne ya kai wa mahaifiyarsa maganar da bakinsa. Ya ce mini ya ce mata: "Inna, rabin abin nan daga wajena yake, ni kuma ko daga wajenki ko daga wajen marigayi Baba." Hajiya, mahaifiyar tasa, ta ƙi a gwada ta, ba wanda ya matsa mata, amma maganar saki ta mutu daga ranar.

Ya tambaye ni me ya sa irin wannan gado ya yawaita haka a cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana sa Kamaru da Najeriya da Gana da Gabon cikin ƙasashen da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na jama'a suke ɗauke da shi. Dalilin zazzaɓin cizon sauro ne. Anthony Allison ya nuna a 1954, a gabashin Afirka, cewa masu AS suna da kariya daga gare shi, kuma bincike na baya ya tabbatar kariyar daga nau'insa mai tsanani tana kai wajen kashi 90 cikin 100. A ƙasa irin kwarin Binuwai, inda sauro yake cin yara kowace damina, masu AS sun fi tsira su girma su haihu. Cikin zuriyoyi biyar na wannan gado da masana suka sa wa suna, ɗaya sunan Kamaru take amsawa, sauran su ne Benin, Senegal, Bantu da ta Larabawa da Indiya. Mai SS kuwa zazzaɓin sauro babban haɗari ne gare shi, domin yana fasa ƙwayoyin da dama ba su da yawa.

Abin da aka yi mata

Likita ya dakatar da maganin ƙarfe. Ya sa mata folik asid, wanda ɓargo yake buƙata don kwafar DNA yayin da yake ta ƙera ƙwayoyi, da fenisilin kullum saboda saifar da ta raunana, aka kuma cike rigakafin da ta rasa. Gidan sauro kowane dare, da maganin rigakafin zazzaɓi na damina da aka fara rabawa yara 'yan ƙasa da shekara biyar a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2016. Wanka da ruwan ɗumi, da hantsi. Gorar ruwa a hannunta ko'ina. Aka koya wa uwar yadda za ta lallaɓa gefen cikin hagu ta ji girman saifa, ta duba tafin hannu da cikin fatar ido, aka kuma saya mata ma'aunin zafi: in ya kai 38.5, asibiti, ko tsakar dare ne, ba a jiran gari ya waye. Naman Alhaji ba a hana ba. Jikin da yake sabunta jininsa da wannan sauri yana buƙatar furotin da abinci mai ƙarfi fiye da na sa'anninsa, sai dai yanzu ya san abin da naman zai iya da wanda ba zai iya ba.

Abin da ya fi sauya rayuwarta shi ne haidiroksiyuriya. Magani ne da yake sa ɓargo ya koma ƙera F, hemogulobin ɗin jarirai. F yana shiga tsakanin S da S, ya tsawaita jinkirin nan, ƙwayoyi da yawa su tsallake kafin zare ya kama. An amince da shi don sikila a Amurka a 1998, kuma wani babban gwaji a kan yara a Angola, Kongo Kinshasa, Kenya da Uganda, da aka buga a 2019, ya nuna yana rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa a yanayi irin namu. Yana buƙatar a riƙa ƙirga ƙwayoyin jini a kai a kai, domin yana iya rage fararen ƙwayoyi fiye da kima, shi ya sa nake ganin ta. Cikin shekara guda hemogulobin ɗinta ya haura giram 8, rawayar ido ta ragu, ba a sake yi mata ƙarin jini ba. Sau ɗaya aka kwantar da ita, a zafin Afrilu, bayan maganin ya yanke wata biyu: kasuwa ta yi wa Alhaji nauyi, da kuɗin suka samu kuma aka neme shi a gari aka rasa. A 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado wanda shi ma F yake tayarwa, aka sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka. Abin yana ci mini rai, domin mu a nan ƙwayar magani mai araha ce take yankewa, kuma gwajin jini a makon haihuwa, wanda da ya ba yayanta fenisilin ya koya wa uwarsa duba saifa, har yanzu yawancin jariranmu ba sa samun sa.

Maganar da ta biyo baya

Da aka gwada 'ya'yan uwargida, uku suka fito AS, har da babbar 'yar, wadda aka riga aka sa wa rana da ɗan ƙanin Alhaji. Auren zumunci ba shi yake ƙirƙiro S ba, amma yana ƙara yiwuwar haɗuwar biyu, domin daga kaka ɗaya suka ɗebo. Saurayin ya zo da kansa aka gwada shi. AS.

Budurwar ta dawo tare da uwarta ta yi mini tambayar da mutane da yawa suke yi: "Malam, ɗaya cikin huɗun nan, in na haifi mai ciwon ɗaya, ukun da za su biyo lafiya ke nan?" Na ce a'a. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, bai san abin da na gabansa ya yi ba. Akwai masu AS biyu da suka haifi shida babu mai ciwo ko ɗaya, akwai waɗanda uku a jere suka zo da shi. Ban ce mata ta yi ko ta fasa ba, wannan hukuncin nata ne da iyayenta, nawa in tabbatar ta san abin da take zaɓa. Ita kuwa ta kwana da ƙanwarta a asibiti ba sau ɗaya ba.

Aka ɗage bikin, daga baya aka fasa, aka mayar da kaya. Ƙanin Alhaji ya yi wata da watanni ba ya shiga gidan, matarsa tana cewa an ƙi ɗanta ne aka fake da takarda. Bayan babbar salla ya turo ƙananan 'ya'yansa huɗu a gwada su, Alhaji ne ya biya kuɗin. Biyu AS, biyu AA. Amarya tana da ciki yanzu, kuma an riga an shirya da ungozomar asibiti cewa za a ɗebi jinin jaririn kafin ranar suna.